MOTA TA TASHI TA MUTU: A NEMI CUTA KAFIN A SAYI MAGANI



Daga tashar Wadata ta Yamai har zuwa tashoshin Tawa, Maraɗi da Damagaram, haka kuma a ƙofar ma'aikatunmu, akwai wani abu da ido ya saba gani da sassafe. Direba ya murɗa makulli, inji ya tashi, kafin ya gama gyara zama inji ya mutu. Ya sake murɗawa, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Daga nan sai a kira yara su tura, wani ya ce buji ne, wani ya ce batir ne, wani ya ce mai ne ya ƙare, mai mota kuwa ya fara lissafin abin da ke aljihunsa. Kafin azahar an sayi ƙarfe biyu ko uku an ɗaura, cutar tana nan inda take.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne, yawancin asarar da muke yi wajen gyaran mota tana zuwa ne daga gaggawar sayen kaya tun ba a san abin da ya lalace ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Injin da ya tashi sannan ya mutu yana da dalilinsa, kuma dalilin nan ana iya gano shi da kunne, da ido, da haƙuri, sau da yawa ba tare da an kashe ko dala ba. Wanda ya iya karanta wannan shafi ya iya koyon hanyar.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Kada wani ya ɗauka wannan zancen masu gareji ne kawai. Motar da ke mutuwa a tsakar gida da safe, gobe a kan gudro za ta mutu. A yawancin motoci inji ne ke taimakon birki da sitiyari. Idan ya mutu ana cikin tafiya, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma bayan taka ɗaya ko biyu zai ƙage kamar dutse. A kan hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Diffa, inda manyan kamyo ke wucewa dare da rana, motar da ta tsaya a tsakiyar hanya da dare tarko ce ga mutanen cikinta da masu zuwa bayanta.

A tuna da ambilans ɗin da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa babbar asibiti. A tuna da arewacin ƙasarmu, inda lalacewar mota kan zama hukuncin kisa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ƙasa duka ta yi makokinsu. Duk mai riƙe da makullin mota ya kamata ya riƙa tuna wannan, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma maganar dukiya. Buji, fompo, bobin da sauran kayan gyara duk daga waje ake shigo da su. Kowane ƙarfe mai lafiya da aka cire aka jefar bisa zato, kuɗin iyali ne ya tafi, kuma kuɗin ƙasa ne ya fita.

ABINCIN INJI

Injin fetur yana rayuwa da abu uku: iska, mai da wuta. Yana shaƙar iska, a gauraya ta da fetur, fistan ya matse su, buji ya ba da tartsatsi, su kama. Gaurayar tana da awonta, wato kilo 14,7 na iska ga kilo 1 na fetur. Ma'ana, kowace lita ta fetur tana bukatar wajen lita 9.000 na iska. Idan mai ya yi kaɗan inji ya ji yunwa, idan ya yi yawa inji ya shaƙe, ko ta wace hanya dai mutuwa zai yi. Injin gazuwal shi ba shi da buji mai tartsatsi, zafin matsin iska ne ke kunna mansa.

To, ga abin lura na farko. Tun da inji ya tashi, ko da na ɗan lokaci ne, ya riga ya ba da shaida cewa batir ya iya juya shi, fistan suna matsewa, wuta ta zo, mai ya iso. Saboda haka wanda ya ce a sauke inji, ko a sayi sabon demarar, tun bai duba komai ba, ya tsallake shaidar da ke gabansa. Abin tambaya shi ne, wanne daga cikin ukun nan ya zo da farko sannan ya yanke?

LOKACIN MUTUWA SHI NE MAI BA DA LABARI

Likita nagari yakan tambayi mara lafiya yaushe ciwo ke tashi kafin ya rubuta magani. Haka ya kamata a yi wa mota.

Idan inji yana kamawa muddin hannu na riƙe da makulli, ana saki ya mutu nan take, laifin yana wajen wuta. Ko maɓallin kontak ya cinye, ko kuwa, a tsofaffin motoci masu delko, ɗan abin rage wutar da ke gaban bobin ya ƙone, domin a lokacin tayarwa wuta tana kewaye shi, sai an saki makulli take bi ta cikinsa.

Idan inji ya tashi lafiya lau, bayan daƙiƙa biyu ko uku ya ɗauke kamar an kashe shi da hannu, ga wata ƴar fitila mai alamar makulli tana ƙyaftawa a tabulo, to maganin ɓarawo ne ya yi aikinsa. Tun 1998 aka tilasta sa wannan na'ura a sabbin motocin Turai, kuma da yawa daga motocin da ke shigo mana na hannu ne daga can. A cikin kan makulli akwai ɗan ƙwaya da mota ke ganewa. Makullin da aka yanko a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai juya inji, amma mota ba ta san shi ba. A gwada makulli na biyu kafin a taɓa ko kusa ɗaya.

Idan inji ya yi ƴan daƙiƙoƙi ko minti guda, sannan ya fara tari yana ja da baya har ya mutu, wannan alamar yunwa ce. A mota mai karbirato, irin Peugeot 404 da 504 da iyayenmu suka yi zamani da su, akwai ɗan kwano a cikin karbirato mai riƙe da fetur kaɗan. Inji yana shanye na kwanon, idan tiyo bai kawo wani ba sai ya tsaya. A mota mai injekta kuwa, da an buɗe kontak fompon da ke cikin tanki yakan yi ƙara na kamar daƙiƙa biyu don ya tara matsi. Idan fompo ya gaji, ko filtir ya toshe, ko relen da ke ba fompo wuta ya lalace, inji zai tashi da ɗan matsin nan, ya mutu da ƙarewarsa.

Idan inji yana aiki muddin ƙafa na kan totur, ana ɗagawa ya mutu, ciwon yana ga ralanti, wato numfashin da inji ke yi shi kaɗai in mota na tsaye, wanda a yawancin ƙananan motoci yake tsakanin juyi 700 da 900 a minti. A karbirato akwai ɗan rami mai kama da kafar allura da ke ba da man ralanti, ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe shi. A mota mai injekta, baƙin datti kan taru a maƙogwaron da iska ke shiga har ya rufe ƴar hanyar ralanti. Wani lokaci kuma tiyon roba ne ya tsage saboda zafin rana, iskar da ba a auna ba tana shiga ta ɓata gauraya. Mai kasa kunne zai ji tana huci kamar maciji.

Idan da sanyin safiya ne kawai take yi, musamman a hunturu, a duba sitatar a tsohuwar mota, ko kaptar mai auna zafin ruwa a sabuwa, domin inji mai sanyi yana bukatar ƙarin mai. Idan kuwa sai ta yi zafi take mutuwa, ta ƙi tashi sai ta huce, bobin ko kaptar mai ƙidayar juyin inji su ne na farkon zargi, don su ne zafi ke kayarwa. Idan bayan ƴar tafiya take mutuwa, a buɗe murfin tanki. In an ji iska ta shiga da ƙarfi kuma mota ta tashi, to kafar numfashin tanki ce ta toshe, fompo yana ja kamar mai tsotsar kwalbar da aka rufe. Idan kuma da aron batir aka tayar da ita, ana cire waya ta mutu, a auna wuta: batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12,6 in inji na kashe, 13,5 zuwa 14,5 in yana aiki. Wanda bai kai haka ba, alternato ne ba ya caji.

A FARA DA MAI ARAHA

Bayan an san lokacin mutuwa, sai a bi bincike daki-daki, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa mai tsada. A tabbata da mai a tanki, don allurar tabulo takan yi ƙarya. A duba kan batir ko ya yi farin gishiri ko ya saki. A duba fiz. A buɗe filtir na iska a ɗaga shi ga rana, in haske bai ratsa ba ya toshe. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi tana cika filtir cikin lokacin da bai kai wanda masu ƙera mota suka rubuta don hanyoyin Turai ba. A bi tiyoyin roba da hannu. A tsiyayo ɗan mai a farar kwalba a ajiye shi ya kwanta: ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za a gan shi a ƙasa. A kwance buji a karanta fuskarsa: baƙi mai toka yana nuna mai ya yi yawa, fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan, launin ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. Sai an wuce waɗannan duka za a zo kan fompo, bobin da kaptar, su ma a auna su kafin a yanke musu hukunci.

Ga masu gazuwal, irin Hilux da Land Cruiser na ma'aikatu, babban maƙiyi shi ne iska da ruwa a cikin hanyar mai. Tiyo mai ɗan tsagu yana barin mai ya koma tanki da dare, da safe inji ya tashi da wanda ya rage a fompo, sannan ya haɗu da kumfa ya mutu. Bisa kan filtir akwai ɗan fompon hannu. A danna shi har ya yi tauri. In mota ta tashi ta zauna, an san inda za a nema. A ƙasan filtir kuma akwai kusa ta zubar da ruwa, wadda direbobi da yawa ba su taɓa kwancewa ba.

Sabbin motoci suna da kwamfuta mai rubuta ciwonsu da kanta. Tun 1996 a Amurka, tun 2001 a Turai ga masu fetur, kowace mota tana zuwa da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta fito da lambar ciwo. Wannan ci-gaba ne, amma a yi hattara. Lambar tana nuna unguwar da ciwo yake, aikin makaniki ne ya gano gidan. Na'ura ta ce kaptar kaza ba ta ba da labari, alhali wayarta ce ɓera ya ci. Wanda ya sayi sabuwar kaptar bai duba waya ba ya yi asara da kwamfuta a hannunsa.

MAN KWALBA

Dole mu faɗa wa juna gaskiya a kan mai. Ƙasarmu tana da kamfanin SONIDEP tun 1977, tana da matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, mai ƙarfin tace ganga 20.000 a rana. Duk da haka man kwalba da jarka, wanda ake ce wa ruwa-ruwa, bai bar bakin hanyoyinmu ba, ko bayan da Najeriya ta janye tallafin fetur a 2023. Ba za mu ce duk mai sayar da shi maha'inci ne ba, kuma mun san akwai garuruwan da ke nesa da gidan mai, mun ga yadda ƙarancin watan Maris na 2025 ya tura mutane neman mai ko ina. Amma man da ya kwana a jarkar da aka taɓa zuba ruwa, aka juye shi cikin iska da ƙura, wani lokaci aka ƙara masa kananzir, shi ne ke toshe filtir, ya cinye fompo, ya ɓata injekta. Dalar da aka rage a kan lita, a gareji ake biyan ta da jika-jika. Araha ba ta ado.

Wanda tilas ta sa ya saya, ya duba kwalba ga haske, ya tace da mazurari da tsumma mai tsabta, ya bar na gindin jarka. Kada kuma a saba tafiya da tanki kusan wayam, domin fompon lantarki a cikin mai yake shan sanyi, kuma duk dattin tanki a ƙasa yake.

DABARUN DA KE ƁATA MOTA

Akwai wasu dabaru da suka zama ruwan dare, waɗanda ke rufe cuta su bar ta tana ci. Ana murɗa kusar ralanti inji ya riƙa ihu don kada ya mutu, mai ya yi ta ƙonewa banza. Ana cire filtir na mai da ya toshe a haɗa tiyo kai tsaye, datti ya wuce ciki. Ana cire filtir na iska, ƙura ta riƙa cin silinda kamar faifan yashi. Ana tsiyaya fetur a bakin karbirato ana tayarwa, wuta ta dawo ta lashe fuskar yaron gareji. Ana zuƙo mai da baki, ya faɗa huhu. Ana cire kan batir inji na aiki don a gwada alternato, kwamfutar sabuwar mota ta ƙone. Ana barin inji yana aiki a rufaffen ɗaki, alhali hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Shugabannin gareji su hana yaransu waɗannan, don amana ce iyaye suka ba su.

LAIFIN BA NA MAKANIKI KAƊAI BA NE

Wani zai ce makanikai ne ke cutar mutane. Akwai masu yi, ba mu musu. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mai mota yakan biya jika ashirin don sabon ƙarfe ba gardama, amma makanikin da ya yi awa biyu yana bincike har ya gano tsagaggen tiyo, sai a miƙa masa kuɗin goro, a ce ai ba abin da ya canza. Da wannan hali muke koya wa makaniki cewa abincinsa yana cikin sayar da kaya, bincike kuwa wahalar banza ce. In muna son gaskiya daga gareji, mu biya ladan sani. Mu kuma nemi a nuna mana ƙarfen da aka cire, a faɗa mana yadda aka gane ya mutu. Makaniki na kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wani kuma zai ce talaka ba shi da halin canza filtir a kan lokaci. Mun ji, rayuwa ta yi tsada. Sai dai a kwatanta kuɗin filtir da kuɗin fompo, a haɗa da kwana uku da taksi ya yi a gareji bai kawo na cefane ba. Lissafin a fili yake.

KIRA GA MA'AIKATA DA MASU ILMI

Motar gwamnati dukiyar jama'a ce, da harajin manomi da makiyayi da ɗan kasuwa aka saye ta. Abin takaici ne a shiga harabar ma'aikata a ga mota a kan duwatsu, tayoyi sun tafi, awaki na kwana a ƙarƙashinta, alhali farkon ciwonta bai wuce filtir ko tiyo ba. An ajiye ta a jira takarda, wani ya ari batir, wani ya ari fompo, har ta zama gawa. Muna kira ga gwamnoni, da perefe, da shugabannin ma'aikatu, su sa kowace mota ta sami littafinta, inda direba zai rubuta kilomita, da ranar juyen baƙin mai, da ranar canjin filtir, da inda aka sha mai. A ware kuɗin kula tun ranar da aka sayi mota. A saurari direba in ya ce mota ta fara tari, kada a ce masa yana neman na aljihu ne. Ambilans kuwa a tayar da ita kowace safiya, ko da aiki ko babu.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi amfani. Ko direba ne kai, ko yaron mota, ko mai babur, ko mai injin ban-ruwa a fadama, domin ƙa'idar iska, mai da wuta ɗaya ce gare su duka, ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubutawa: yaushe inji ya mutu, da sanyi ko da zafi, bayan minti nawa, a ina ka sha mai na ƙarshe. Ranar da ka shiga gareji da wannan takarda, ka gama wa makaniki rabin aiki, kuma mai niyyar cuta zai yi shakkar ka.

Tun da a watan Maris na 2025 aka tsayar da Hausa harshen ƙasa, lokaci ya yi da hukumomin koyar da sana'a da na yaƙi da jahilci za su haɗa kai su buga ƴan littattafan kula da inji cikin Hausa da sauran harsunanmu, da hotuna, su kuma buɗe darussan yamma ga makanikan da suka koyi aiki a ƙarƙashin bishiya, don su iya karanta mitar wuta da na'urar bincike. Hannu suna da shi, basira suna da ita, abin da ya rage a ƙara musu awo da karatu.

Rigakafi ya fi magani. Duk wanda motarsa ta tashi ta mutu gobe da safe, ya dakata da aljihunsa, ya kasa kunne, ya duba agogo, ya buɗe kapo, sannan ya nemi wanda ya sani. Kada kuma ya ɗauki fasinja ko iyalinsa ya hau doguwar hanya da ita sai an gano dalili an gyara.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.